Tambayar Inda Dukiyar Jama'a Ta Tafi Ibada Ce

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da ruwa, Mai fitar da tsiro, Mai ciyar da bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani al'amari wanda da yawa daga cikinmu suke zaton ba ya cikin addini, watau bin sawun kuɗin da hukuma take warewa domin taimakon manoma da raya karkara, da kuma nauyin da ke wuyan wakilanmu na majalisa game da haka.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wani dattijo manomi, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibaina, wanda ya zo mini bayan sallar La'asar a wata damina da ta wuce. Ya ciro wata 'yar takarda daga aljihunsa, ya ce in karanta masa. Na duba na ga sunansa, da sunan ƙauyensu, da buhu huɗu na takin zamani, ga kuma shaidar ɗan yatsansa a ƙasa. Da na karanta masa sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ɗaya aka ba ni, shi ma sai da gero ya fara fid da kai." Na ce, "Baba, ba ka tambaya ba?" Ya ce, "Wa zan tambaya? Wanda ya miƙo mini ya ce haka aka ba shi. In na matsa, baɗi a cire sunana." Sa'an nan ya yi mini tambayar da har yanzu take cikin zuciyata. Ya ce, "Ukun nan da na dangwala wa hannu ban karɓa ba, ranar Lahira ni za a tambaya ko wani?"

Na kwantar masa da hankali, na ce wanda aka zalunta ba shi ne abin tuhuma ba. Amma tambayarsa ta farko, watau wa zai tambaya, ban ba shi amsarta a ranar ba. Ita nake so in amsa yau, da yardar Allah.

ASALIN AL'AMARIN A MUSULUNCI

Allah Ta'ala Ya umurce mu, a cikin Suratun Nisa'i aya ta 58, da mu mayar da amanoni ga masu su, mu kuma yi hukunci da adalci a tsakanin mutane. Malaman tafsiri sun bayyana cewa shugabanni suna kan gaba a cikin waɗanda wannan umurni ya hau kansu. To, dukiyar baitulmali amana ce, kuma masu ita su ne jama'a. Buhun takin da aka rubuta da sunan manomin Dalijan ko na Diggi ya zama hakkinsa tun ranar da aka rubuta, duk hannun da ya ratsa kuwa hannun ɗan aike ne kawai.

Mu dubi ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Sa'ad da ya fassara mafarkin sarkin Masar, ya tsara musu noman shekara bakwai, ya ce su bar hatsin a zangarniyarsa sai ɗan abin da za su ci, kamar dai yadda muke jera damman gero a rumbu don kada ya lalace. Da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar, a aya ta 55 ta surar, siffofi biyu ya ambata game da kansa: tsarewa da sani. Ashe mai riƙon rumbun jama'a yana bukatar amana, yana kuma bukatar sanin lissafi. Mai amana maras lissafi za a sace a gabansa bai sani ba, masanin lissafi maras amana kuwa shi ne ɓarawon da ba a kamawa.

Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya ya karɓo zakka. Da ya komo, Annabi ya yi lissafi da shi, sai mutumin ya ware wani abu ya ce wannan kyauta ce aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi huɗuba a kan haka, yana mai nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta zo masa, ya kuma yi gargaɗi cewa duk wanda ya ɗauki wani abu ba da hakki ba zai zo ranar Ƙiyama yana ɗauke da shi, ko raƙumi ne, ko saniya, ko akuya. Abin lura a nan shi ne, wannan mutum sahabi ne, amma hakan bai hana a yi lissafi da shi ba. Wa ya fi ƙarfin a tambaye shi bayan wannan? Kuma wanda ya karkatar da injin ban ruwa ko tirelar taki, ya auna nauyinsu a wuyansa tun yanzu.

Halifofi sun bi wannan hanya. Sayyidina Abubakar, a huɗubarsa ta farko, ya nemi jama'a su taimake shi in ya kyautata, su miƙar da shi in ya karkace. Sayyidina Umar kuwa yakan sa a rubuta dukiyar gwamna ranar da aka naɗa shi, domin a gwada da abin da ya mallaka daga baya, kuma yana da wani sahabi, Muhammadu bin Maslama, wanda yake aikawa garuruwa ya binciko ƙarar da talakawa suka kawo a kan gwamnoni. Littattafan tarihi sun kawo cewa an taɓa tsayar da Umar kansa a bainar jama'a a kan tufar da ke jikinsa, don an ga ta fi rabon da kowa ya samu, bai yi fushi ba, sai ya kira ɗansa Abdullahi ya shaida cewa shi ya ƙara masa da nasa rabon. Daga baya Alƙali Abu Yusufa, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashidu littafin Kitabul Kharaj, inda ya shawarce shi da a haƙa manyan magudanan ban ruwa da kuɗin baitulmali, a kuma riƙa aika amintattun mutane su duba yadda masu karɓar haraji suke yi da manoma.

GADON MAGABATANMU

Mu mutanen ƙasar Gwandu ba mu da uzurin jahiltar wannan babi. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya yi masa wasiyya da ya ƙididdige dukiyar ma'aikatansa kafin naɗi, ya sa ido a kan ayyukansu, kada kuma ya ɓuya wa talakawansa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa cin dukiyar talakawa da karɓar gaisuwa a cikin miyagun al'adun mulkin da ya zo ya kawar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da manoma da masu sana'a da raya ƙauyuka a cikin wajiban shugaba.

Shehu Abdullahi kuwa, wanda kabarinsa yake nan garin Gwandu, labarinsa ya isa wa'azi. Ana tsakiyar jihadi, nasara tana zuwa, sai ya ga son duniya da tara dukiya sun fara shiga zukatan waɗansu daga cikin jama'a. Abin ya dame shi har ya bar rundunar ya nufi gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami wajen shekarar 1807, yana bayyana abin da ya wajaba a kan masu mulki da ma'aikatansu. Mutumin da ya kasa haƙuri da ɓarnar abokan tafiyarsa, ƙanen Shehu ne, kuma wazirinsa. Ina hujjar wanda ya yi shiru yau don kada ya ɓata wa 'yan jam'iyyarsu rai?

WAKILI DA AIKINSA

A tsarin da muke ciki yau, aikin nan na Muhammadu bin Maslama an ɗora shi a kan majalisa. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a ranar 27 ga Agusta 1991, tana da ƙananan hukumomi 21 da wakilai 24 a Majalisar Dokoki ta Birnin Kebbi. Gwandu tana da kujerarta, Kalgo ma tana da tata. A Majalisar Wakilai ta Tarayya kuwa Gwandu tana tare da Aliero da Jega, Kalgo tana tare da Birnin Kebbi da Bunza.

Tsarin Mulki na 1999 bai bar waɗannan wakilai hannu sake ba. Sashe na 120 da na 121 sun nuna ba a fitar da kuɗi daga asusun jiha sai da amincewar majalisa. Sashe na 125 ya wajabta wa babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa, ita kuma ta ba kwamitin lissafin dukiyar jama'a ya duba. Sashe na 128 ya ba ta ikon yin bincike domin tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci, na 129 ya ba ta ikon kiran duk wanda take bukata ya zo ya ba da shaida. Sashe na 88 da na 89 sun ba Majalisar Tarayya irin wannan iko. Bugu da ƙari, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wanda ya ƙara wa kansiloli nasu nauyin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya yi rantsuwa. To, ga amsar dattijon nan: wanda zai tambaya shi ne wakilin da ya zaɓa, shi kuma wakilin an ba shi ikon ya tambayi na sama.

DARASIN DA MUKA GANI DA IDONMU

Shirye-shiryen taimakon manoma ba baƙi ba ne a ƙasar nan. An yi shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka yi na bunƙasa noma a zamanin Shugaba Shehu Shagari a 1980. Tun muna yara muke jin labarin babban aikin ban ruwa na fadamar Zauro, gwamnatoci suka zo suka shuɗe ba a kai shi inda aka tsara ba. Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne shirin rance na Babban Bankin Nijeriya da ake kira Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a nan Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Tsarinsa shi ne a haɗa ƙananan manoma ƙungiya-ƙungiya, a ba su iri da taki da maganin feshi da ɗan kuɗin aiki, in sun girbe su biya da shinkafar.

Adalci ne mu faɗi alherin da aka gani. Noman rani ya bunƙasa a fadamunmu, matasa da yawa sun fasa tafiya ci-rani, sunan Kebbi ya fito a fagen shinkafa har aka yi haɗin gwiwa da Jihar Legas a 2016, aka kuma buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu a 2017. Amma zuwa 2023, kuɗin da aka fitar a faɗin ƙasa sun haura Naira tiriliyan 1, watau miliyan sau miliyan. A shekarar nan Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kaɗai aka mayar, Babban Banki ya musanta ya ce kashi 52 ne. Jama'a, rumbu ɗaya ne, amma mudu biyu aka auna shi da su. A 2025 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya buɗe bincike a kan kuɗin, shekara goma bayan an fara rabo.

Bincike bayan shekara goma ya fi rashinsa, amma rigakafi ya fi magani. Da tun daminar farko wakilai sun karɓi jerin sunaye sun bi shi ƙauye-ƙauye, da an rarrabe manomin gaskiya da wanda bai san hanyar gona ba. Da an rarrabe wanda ambaliyar 2020 ta cinye shinkafarsa, wanda Suratul Baƙara aya ta 280 ta ce a jinkirta masa har ya samu sauƙi, da wanda ya girbe ya sayar ya ƙi biya. Da kuma an saurari kukan masu tsoron Allah da suka ƙaurace wa rancen saboda kuɗin ruwan da ke kansa, wanda wannan magana ce ta wani mako in Allah Ya kai mu. Da aka bar kome a cakuɗe, sai aka yi wa manoma duka kuɗin goro, aka ce ba su biyan bashi.

Saboda haka ina kira ga wakilanmu, cikin girmamawa, da su riƙe tambayoyi biyar a kan kowane kuɗi da aka ware da sunan manomi. Nawa aka rubuta a kasafi? Nawa aka saki? Yaushe aka saki? Wa ya karɓa? Me ya tsiro a ƙasa? Tambayar lokaci tana da muhimmanci ƙwarai, domin takin da ya iso a watan Agusta daidai yake da wanda bai zo ba, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 mai noman rani ba ya iya jiran alkawari, injinsa ba ya shan haƙuri. Kada wakili ya tsaya ga takardar da aka kawo masa ofis. Gani ya kori ji. Ya je Kambaza, ya je Zuguru, ya sa a karanta sunaye a ƙofar mai gari, kowa ya ji abin da aka rubuta masa. Sau da yawa rijiya takan ba da ruwa guga ya hana, kuma ba a gane gugan da ke yoyo sai an tsaya a bakin rijiyar.

WAƊANSU SHUBUHOHI

Wani zai ce, ashe Musulunci bai hana tonon asiri da bin diddigin mutane ba? Lalle ya hana, a Suratul Hujurati aya ta 12. Amma wannan game da al'amuran mutum ne na ɓoye tsakaninsa da Ubangijinsa. Littafin baitulmali ba asirin kowa ba ne, kuma malamai sun halatta ambaton zalunci a gaban wanda zai iya kawar da shi. Sai dai surar nan ɗaya, a aya ta 6, ta umurce mu da tabbatar da labari kafin mu yi aiki da shi. Don haka wakilin da ya tashi a zauren majalisa ya yi wa ma'aikaci ƙazafi ba hujja, ko ya kira shi bincike da nufin a ga bayan juna a ba shi nasa kaso, ya ci amana sau biyu.

Wani kuma zai ce wannan rashin biyayya ne ga shugabanni. Hadisin Tamimud Dari da Muslimu ya ruwaito ya nuna addini nasiha ne, kuma shugabannin Musulmi suna cikin waɗanda ake yi wa ita. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma mai son tsira gobe Ƙiyama, babu masoyinsa kamar wanda ya nuna masa inda dukiyar da za a tambaye shi a kanta take zurarewa. Wanda ke gudun tambaya kuwa, mun san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

NAMU LAIFIN

Ba zan rufe ba sai na juyo kanmu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke cika ƙofar gidan wakili tun asuba, wannan da takardar asibiti, wannan da goron suna, wannan da neman kujerar Makka. Ba mu taɓa tambayarsa sau nawa kwamitinsa ya zauna ba, ko me rahoton mai binciken kuɗi ya ce. Mun mai da shi mai rabo, alhali mai tsaro muka zaɓa. In ya rasa abin rabawa sai ya nema a wurin waɗanda ya kamata ya bincika, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Haka buhu uku na dattijon nan suke komowa garinsu a siffar atamfa da shinkafar azumi, mu karɓa muna godiya.

Haka nan, ya ɗan'uwana manomi, rancen hukuma bashi ne, ba ganima ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta jinkirin biya daga mai hali da zalunci, ya kuma yi bushara cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya masa, wanda ya karɓa da niyyar lalatawa Allah zai lalata shi. Wanda ya karɓi taki ya kai kasuwa, ko ya rubuta sunayen matansa da 'ya'yansa a gonar da babu ita, ya toshe ƙofa ga maƙwabcinsa na baɗi. Kuma kada ka sake dangwala hannu a kan abin da ba a karanta maka ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ka tafi da ɗanka ko ɗalibin makarantar garinku ya karanta maka, ka ƙirga, sa'an nan ka sa hannu. Mu malamai da limamai kuma mu daina taƙaita wa'azinmu ga alwala da gādo, mu karantar da wannan babi kamar yadda Shehu Abdullahi ya karantar.

Manomi yana da daraja a wurin Allah, domin hadisi ya tabbata cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Wanda ya tsare masa hakkinsa yana da rabo a wannan lada, wanda ya tauye shi kuwa zai haɗu da shi a ranar da babu naira babu kwabo, sai dai a biya da kyawawan ayyuka.

Ya Allah Ka shiryi shugabanninmu, Ka haɗa su da mashawarta na gari. Ka ba wakilanmu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, Ka ba mu ikon biyan abin da ke kanmu. Ka ba mu damina mai albarka, Ka tsare gonakinmu daga fari da ambaliya, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararSa.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya yarda.